Yadda Sakatare Ya Kai Ƙarar Kansa

Matso nan kusa, gyara zama, in ba ka labarin Sakatare. In da abin sha a hannunka ajiye shi tukuna, don shi kansa mai labarin in yana bayarwa sai ya sa mutum ya ƙware. Shi yake fara yi wa kansa dariya kafin kowa ya buɗe baki. Ya ce gara ya riga mu, tunda ko ya yi shiru za mu yi a bayan idonsa, kuma ba za mu iya tsara zancen yadda ya kamata ba.

Sakatare dai ba sakataren kowa ba ne. Bai taɓa zama a ofis ba, bai taɓa ɗaukar albashi ba. Tun yana saurayi ya fara da wata tsohuwar tafireta a inuwar katangar gidan waya, yana buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Da zamani ya juya sai ya kama shago a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran fanka. In ka shiga za ka tarar da kwamfuta biyu. Ɗaya tana aiki, ɗayar ta mutu tun tuni, amma ya bar ta a wurin saboda kwarjini. Akwai injin fotokwafi da ba ya tashi sai an mare shi a gefe, da dogon benci na masu jira, da wata fanka da maƙwabcinsa ya gyara har ta daina juya kai, ta tsaya tana kallon mai shago shi kaɗai. Shi kuwa gajere ne mai ɗan tumbi, tabarau a ƙarshen hanci, biro a aljihun gaba kullum, duk da ya manta rabonsa da rubutu da biro.

Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. In ka zo da magana a hargitse, kana haki kana rantse-rantse, sai ya saurare ka ido a rufe, ya buga, ya karanta maka, ka ji kamar wani babban mutum aka zalunta ba kai ba.

Da aka shigo zamanin da ko aikin gadi za ka nema sai an ce ina imel ɗinka, unguwa duka ta dawo bencin Sakatare. Shi ke buɗe wa kowa. Da farko yakan bar mutum ya zaɓi kalmar sirrinsa da kansa, sai ya ga wahala kawai yake jawo wa kansa: mutum ya zaɓa yau, mako mai zuwa ya dawo ya manta, kuma ya ce Sakatare ne ya ɓata masa. Sai ya yanke shawara. Kowa sunansa, a haɗa da lambar shagon, shi ke nan. Ba rubutawa, ba mantuwa. Mu kuwa muka ji daɗi abinmu, muka ce Allah ya yi wa mutumin nan basira. Mutum zai garƙame ƙofar ɗakinsa da ƙaton kwaɗo saboda tsohuwar rediyo, sannan ya leƙo shago ya ce a duba masa ko an turo saƙo. Har ta kai Sakatare ba ya jiran a tambaya. Da safe in ya buɗe shago ya yi shara, sai ya bi akwatunan imel na mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiwon kaji yana duba ƙwai. Yakan san an ƙi ɗaukarka aiki kafin ka sani, ya tanadi fuskar jaje kafin ka iso.

Kuma kada ka ɗauka jahilin doka ne. Lokacin da aka fara maganar dokar laifukan intanet, shi ya nemo sashen da ya yi magana kan shiga akwatin wani ba izini, ya buga shi da manyan baƙaƙe, ya manna a bango daidai saman kansa. Saboda samari ya yi, masu zuwa hayar kwamfuta. Ya haddace shi tsaf, har da yawan tara da tsawon ɗauri. A ransa ya san kamannin mai irin wannan laifi: yaro ne mai yagaggen wando, da abin sauraro a kunne, da mota mai baƙin gilashi wadda ba a san ubanta ba. In an zauna a ƙofar mai aski sai ya yi ta bayani cewa kwaɗayi ne da zaman banza da son a ci ba a sha wuya ba, maganinsu kuma ɗauri ne mai tsawo, a jefar da makulli. Mai aski, wanda abokinsa ne tun ƙuruciya kuma bai taɓa yarda da maganarsa ba ko sau ɗaya, yakan ce wasu rashi ne ke kai su. Sakatare ya ce shi ma ya yi rashi, ya saci na wa?

To, ga inda zuciyarsa take. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake ce mata. Malamar firamare ce. Ta auri wani dogon yaro mai sanyin hali da kowa ke kira Dogo, suka kama haya a layin da ke bayan shagon, kusa ƙwarai, har in ta soya albasa Sakatare yakan ce yana jin ƙamshi. Suna da 'yar ƙaramar yarinya mai surutun tsiya, shi ya laƙaba mata Aku. Kullum in an tashi daga makaranta Uwata takan biyo ta shago da ita, ta zauna a bakin benci tana duba littattafan ɗalibai suna hira, Aku kuwa ta haye kujera gaban matacciyar kwamfutar nan tana dukan madannai, wai tana rubuta wa gwamnati koke a kan kakanta. Wannan 'yar sa'ar ita ce ranar Sakatare. Sauran duk jira ne.

Dogo aikin gwajin jini ya karanta, amma bai samu ba, yana tsaye a wani kantin magani yana miƙa wa mutane ƙwayar ciwon kai. Ya daɗe yana neman aiki. Surukinsa ne ke buga masa duk takardun, ya aika, ya ɗaga hannu ya yi addu'a da ƙarfi kowa ya ji. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, sai daga baya da ya zama abin ba'a, shi ne duk ranar da aka turo da haƙuri, abincinsa ya fi shiga.

Wata safiya yana zagayen kajinsa, ya buɗe akwatin Dogo, sai ga saƙo daga wani babban asibiti a wani birni mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Sun ɗauke shi. Har da gidan zama. Suna so ya amsa kafin ƙarshen mako.

Ka san abin da ya fara yi? Murna. Wallahi murna ya yi. Ya miƙe ya ɗauki hularsa zai tafi kantin magani da albishir. Ya kai bakin ƙofa ke nan ya juyo don ya kashe fanka, idonsa ya faɗa kan kujerar Aku, da matashin da ake ɗora mata don hannunta ya kai tebur. Sai ya ajiye hular. Ya ce bari ya ɗan zauna ya sake karantawa, kada ya kai labari ba daidai ba.

Daga nan fa hankali ya fara zuwa, irin hankalin da ke zuwa wa mutum in yana neman dalili. Wancan birnin tsada gare shi. Dogo ƙirjinsa ba ƙarfi, wurin kuma an ce akwai ƙura. Uwata ba ta san kowa a can ba, in ta kwanta ciwo wa zai duba ta? Aku za ta canza makaranta a tsakiyar shekara. Yaran nan ba su san duniya ba, in aka bar su za su yi tsalle su amsa, su je su sha wuya. Kafin rana ta ɗaga sosai ya gama gamsar da kansa cewa taimako zai yi, irin wanda ba a gode wa mutum sai bayan ransa.

Ya buga amsa da sunan Dogo. Ya gode musu ƙwarai, ya ce saboda wasu dalilai na iyali ba zai samu damar karɓa ba, ya yi musu fatan alheri. Ya aika. Ya goge nasu, ya goge nasa. Da ya ɗaga kai ya ga takardar dokar nan ta ɗan ɓalle a kusurwa, sai ya tashi ya nemo gam ya manne ta da kyau. In ya zo nan a labarin yakan cire tabarau ya share ido don dariya. Ya ce ko a jikinsa bai ji takardar da shi take magana ba. Shi ai ba ya sa yagaggen wando.

Matarsa ce ta fara shan jinin jikinta. Ta ga kwana biyu Malam ya cika tambayar lafiyar Dogo, yau ya aika masa da yadi, gobe ya ce yaron nan akwai ladabi. Tana zuba masa ruwan wanke hannu ta dube shi ta ce, “Malam, tunda aka yi auren nan ban taɓa jin ka yabi surukinka sau biyu a rana ɗaya ba. Me ka yi masa?”

Ya ce ita dai ba a iya mata, in mutum ya yi shiru ta ce ƙiyayya, in ya yaba ta ce laifi. Ta ce to, Allah ya sa alheri ne, ta ɗauke kwanonta.

Bayan 'yan makonni wani abokin karatun Dogo da ke aiki a wancan asibitin ya kira shi a waya yana faɗa. Ya ce shi ya yi ta kai gwauro yana kai mari don a duba takardunsa, sannan Dogo ya watsa masa ƙasa a ido ya ce ba ya so, yanzu ga shi an ba wani. Dogo ya baro kanti ko rufewa bai yi ba. Ya iso shago bencin cike da mutane, ya durƙusa ya gai da surukinsa kamar kullum, sannan ya ɗago.

“Baba, an shiga imel ɗina. An ba ni aiki, wani ya ce ba na so.”

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai. Kowa ya zuba wa Sakatare ido, don shi ne masani. A nan ne ya kamata ya ja yaron gefe ya faɗa masa gaskiya. Ya ce har maganar ta taho, ta zo maƙogwaro, ta ga yawan jama'a ta koma. Abin da ya fito shi ne, “'Yan kutse ne. Yaran nan ba sa tsoron Allah.”

Aka shiga salati da tsinuwa. Mai aski ya ce ai wannan ba abin bari ba ne, an buɗe sabon sashe a wurin 'yan sanda don irin wannan, a kai ƙara. Dogo ya ce in haka ne ba wanda zai rubuta sai Baba.

Nan Sakatare ya ji wani sanyi a ransa, don ya san abin da ba su sani ba. Tun yana saurayi yake buga koke. Ya buga na kwata da ta toshe, na fansho da aka riƙe, na wutar lantarki, na filin da aka cinye. Bai taɓa ganin an amsa ko ɗaya ba. A iya saninsa na sana'a, in kana so magana ta mutu a binne ta ba mai tonowa, ka rubuta ta a takardar koke ka kai ofis. Sai ya gyara tabarau ya ce Dogo ya jawo kujera.

Niyyarsa ya buga 'yar gajeriyar takarda marar gishiri. Amma mutum da sana'arsa. Yatsunsa na taɓa madannai, ga jama'a a tsaye a bayansa suna leƙe, sai hannu ya ƙi yin ƙarya. Ya sa ranar da abin ya faru. Ya sa adireshin akwatin da na asibitin. Ya kawo sashen doka da lambarsa, bai ko ɗaga kai ya duba bango ba. Ya bayyana mai laifin da cewa mutum ne marar imani, wanda ya shiga gidan da ba nasa ba, ya cire lomar abinci daga bakin ƙaramar yarinya. Ya roƙi hukuma ta bi sawun na'urar da aka yi aikin da ita, don ya taɓa karantawa cewa ana iya yi, kuma jimlar ta yi daɗi a wurin. Ya rufe da neman a yi wa wannan azzalumi hukunci mafi tsanani da doka ta tanada, ba sassauci, don ya zama darasi ga na baya. Da ya karanta a fili har wata tsohuwa ta share hawaye. Mai aski ya ce tunda yake bai taɓa jin takarda mai zafin wannan ba. Sakatare ya ce ai abin ne ya taɓa shi.

Abin da bai lissafa ba shi ne sabon ofis yunwar aiki yake ji. Kuma a cikin tulin takardun da aka kai musu, wasu ba rana, wasu ba adireshi, wasu zagi ne zalla, tasa ce kaɗai ta zo a shirye kamar an dafa an zuba a faranti.

Wani hantsi sai ga wata mata matashiya cikin kayan gida, da jaka a kafaɗa, ta yi sallama ta nuna katin aiki. Ta ce ita aka ba binciken, kuma kafin komai tana so ta san wanda ya rubuta koken nan, don ya yi musu rabin aiki. Sakatare ya ji kansa ya fasu. Ya ce shi ne, ya sa aka kawo mata lemo. Ta nemi izinin zama a gaban kwamfutar, ya share mata kujera da hannun rigarsa. Ta ɗan jima tana danne-danne. Ashe akwatin da kansa yana riƙe da tarihin inda aka buɗe shi da lokacin da aka buɗe, kuma abin da ka goge ba tafiya yake yi ba, kwandon shara yake komawa ya zauna yana jiranka. Mutumin da ya buɗe wa unguwa guda imel bai taɓa leƙa kwandon ba.

Ta juyo a hankali ta ce, “Baba, wa yake buɗe shagon nan da safe?”

“Ni.”

“Wa kuma yake da makulli?”

“Ni kaɗai, 'yata. Ban yarda da kowa ba.”

Ya ce har a wannan lokacin da alfahari ya faɗa. Sai da ya ga ta ajiye lemon ba ta ƙarasa ba, sannan ya gane abin da ya faɗa.

Ba ta sa masa ankwa ba. Ta ce ya rufe shago ya biyo ta, ya bi ta a baya kamar mai rakiya, yana amsa gaisuwar mutane a hanya. A ofishinsu aka zaunar da shi a wani benci tare da samarin da aka kamo, irin waɗanda ya daɗe yana yi wa wa'azi. Ba mai yagaggen wando ko ɗaya. Da zama ya yi tsawo hira ta ɓarke. Wani ya ce ya gama karatu ya gaji da yawo da takardu. Wani ya ce abokinsa ya sayi mota, shi kuwa ko keke babu. Wani siriri ya ce shi ba don komai ba, so ya yi ya ga ko zai iya, ya kuma iya. Akwai wanda budurwa ta bari, ya shiga shafinta don huce haushi. Sakatare ya tambaye su ko ba su san akwai doka ba. Suka ce kowa ya sani, amma wa yake zaton shi za a kama? Sannan suka juyo kansa, suka ce Baba kai nawa ka ci? Ya ce ko sisi. Suka dube shi, suka dubi juna, sai dariya. Siririn ya ce, to Baba kai sadaka ka zo yi a gidan yari ke nan.

Dogo ne ya zo ya yi belinsa. Har ma ya karɓi hularsa ya riƙe masa yayin da yake sa hannu. Ya roƙi jami'ar a janye ƙarar, tunda abin na cikin gida ne. Ta ce magana ta wuce hannunsa, yanzu tsakanin Baba ne da hukuma, balle an gano kalmomin sirrin unguwa guda a kansa. Uwata ba ta zo ba.

Ranar shari'a kotu ta cika da 'yan unguwa, kowa ya ce ya zo ne don ƙarfafa masa gwiwa, amma duk sun riga shi samun wurin zama mai kyau. Alƙalin dattijo ne marar hayaniya. Ya ɗauki takardar koken ya karanta ɓangaren ƙarshe a fili, da marar imani, da lomar yarinya, da hukunci mafi tsanani ba sassauci. Ya dubi Sakatare ta saman tabarau.

“Wa ya rubuta wannan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Har yanzu kana kan wannan ra'ayin?”

Sakatare ya ce, “Ranka ya daɗe, marubucin ya yi zafi da yawa. Lokacin bai gama sanin mutumin ba.”

Sai da aka buga tebur kafin kotu ta natsu. Alƙalin kansa ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Da ya ɗago kuwa ba wasa a fuskarsa. Ya ce doka ba ta tambaya ko ka ci kuɗi ko ba ka ci ba. Ƙofa ce ba taka ba ka buɗe, ka yi magana da bakin wani, ka yanke masa hukunci a kan rayuwarsa. Ya ce ya ga masu yi don kuɗi da masu yi don haushi, yau ga mai yi don ƙauna, kuma wanda aka yi wa duk asara ɗaya ya yi. Saboda shekarunsa da roƙon surukinsa aka ci shi tara, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, aka kuma umarce shi ya kira duk wanda ya taɓa buɗe wa akwati ya canza kalmar sirri da hannunsa.

Wannan na ƙarshen ya fi ba unguwa haushi. Ba wanda ya yi fushi don an daɗe ana karanta masa saƙo. Fushin shi ne yanzu sai mutum ya riƙe abu a kansa. Sakatare yakan juya baya ya fuskanci bango mutum ya danna sabuwar kalmarsa, sai ka ji mutumin ya matso ya raɗa masa ita a kunne, wai ko da zai manta. Har toshe kunnuwa ya koma yi da yatsu yana waƙa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya nema ai ya samu: Uwata tana nan a layin baya, ba inda ta je. Sai dai in an tashi daga makaranta ta ɗaya hanyar take bi. Takan zo gida ta gai da mahaifiyarta lokacin da ta san yana shago. In suka haɗu ta durƙusa ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi aiki, ta tashi. Ba zagi, ba kuka, ba abin da mutum zai kama ya ba da haƙuri a kai. Ya aika matarsa da magana, ta dawo ta ce yarinyar ta ce ba komai. Matar ta ƙara da nata, ta ce in 'yarka ta ce ba komai, to ka nemi wurin zama. Yakan ce hukuncin alƙali aƙalla an faɗa masa ranar ƙarewa.

Dogo ya ci gaba da neman aiki, amma a wayarsa, da ɗan yatsa ɗaya, da takardu marasa gishiri waɗanda da surukinsa ya gani sai ya yi zazzaɓi. Da irinsu ya samu. Wani asibiti ne a wani gari da ya fi na farkon nisa. Ba wanda ya faɗa wa Sakatare. A bakin mai aski ya ji, shi kuma a bakin direban da aka yi ciniki da shi zai kwashi kaya.

Ranar tafiya ya rufe shago ya zagaya layin baya ba wanda ya gayyace shi. Ya tarar ana ɗora katifa. Bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, sai ya ɗauki bokiti da tsintsiya ya kai mota, ya dawo ya ɗauki murfin tukunya shi kaɗai ya kai. Aku ta gan shi ta rugo ta maƙale masa a ƙafa, tana ba shi labarin watanni a numfashi ɗaya. Uwata ta fito daga ɗakin da ya zama fanko, da labule a naɗe a hannu. Ta tsaya ta dube shi, dubawar da ta daɗe ba ta yi ba.

“Baba, da ka ce min kada mu tafi, da na yi kuka, kai ma ka yi, mu rabu lafiya. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?”

Ya daɗe yana kallon murfin wata tukunyar da ya sake ɗauka. Ya ce, “Na san amsar da za ki ba ni, Uwata.”

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi murfin ta ce ya zauna a inuwa ya riƙe mata yarinyar har a gama lodi, kada ta shiga ƙarƙashin mota. Ya zauna a kan wani bulo da Aku a cinya, yana addu'a a ransa igiyar direba ta tsinke. Ba ta tsinke ba.

Yanzu takan kira a ƙarshen mako. Ta daɗe da mahaifiyarta, sannan ta ce a ba Baba. Da farko gaisuwa ce kawai. Kwanakin baya ta tambaye shi yadda ake tsara takardar neman canjin makaranta, ya yi mata bayani har katinta ya ƙare, ya yini yana faɗa wa duk wanda ya shigo shago.

Rannan yana kan kujerar aski, an shafa masa kumfa, abokin nasa ya tsaya da reza a hannu ya tambaye shi tsakani da Allah, da matar nan mai bincike ba ta zo ba, da zai taɓa faɗa? Sakatare ya ce shi da ya san kansa, da yanzu yana nan yana buga koke na biyu, yana tambayar hukuma me ya sa har yau ba a kama azzalumin ba. Suka yi dariya. Mai aski ya ce to ashe kamun alheri ne. Sakatare ya ce wataƙila, amma da ba a kama shi ba, da yanzu ƙarfe biyu ta kusa, an tashi daga makaranta, da yana jin muryar Aku tun daga kwanar layi. Aka ci gaba da aski.

Ni dai na kasa raba musu wannan gardamar. Kai da ka ji labarin daga farko, ka ce gidan nan riba suka ci da doka ta shigo musu, ko asara?